Talatin da Bakwai Marasa Lamba

'Yan ajinsu Dattijo suke ce masa. Ba wai yana da furfura ba ne, ya dai girme su da shekara bakwai ko takwas, kuma ba ya dariya sai da dalili. Shekararsa ta huɗu ke nan yana karatun digirin nan mai kai biyu, kwamfuta da nazarin laifuka, wanda duk wanda ya ƙirƙiro shi bai tausaya wa takalman ɗalibai ba. Sashen kwamfuta yana wannan ƙarshen jami'ar, na nazarin laifuka yana can ɗaya ƙarshen. Da safe a ce maka ka ƙirga, da rana ka yi tattaki cikin zafi a ce maka ka tambayi dalili. Malaman sassan biyu kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga nesa.

Akwai abin da babu wanda ya sani game da Dattijo a duk faɗin jami'ar. Kafin ya zo karatu gyaran waya yake yi. Wata rana wani ya kawo masa waya ya canza mata gilashi, ashe ta sata ce. Wanda ya kawo ta ya cika wandonsa da iska, aka kama mai gyara. Shekara biyu da wata biyu ya yi a gidan yari yana jiran shari'ar da ba a taɓa yi ba, sai da mahaifiyarsa ta ƙarar da ƙafafunta a tsakanin ofisoshi kafin aka sake shi. A takardar neman shiga jami'a an tambaya ko kotu ta taɓa yanke masa hukunci. Ya rubuta a'a, kuma gaskiya ya rubuta. Sauran zancen ya haɗiye shi, ya sa masa ruwa.

Yanzu saura abu ɗaya ya karɓi digirinsa: aikin binciken shekarar ƙarshe, wanda zai tsaya gaban kwamiti ya kare. Manhaja ya ce zai rubuta, wadda za ta riƙa ƙirga kwanakin masu jiran shari'a, ta nuna wanda ya fi daɗewa. Malamarsa ta nazarin laifuka, wadda kowa ke kira Malama, ita ta samo masa jadawali daga wani gidan yarin da ba ta faɗi sunansa ba. An cire sunayen mutane. Layi ɗari huɗu da goma sha biyu, kowane layi mutum ɗaya: shekarunsa, sana'arsa, ranar shigarsa, abin da ake tuhumarsa da shi, lambar fayil ɗinsa, da ranar da aka kai shi kotu ta ƙarshe.

Ran nan da hantsi yana ɗakin kwamfutoci, fanka tana ta ƙara ba iska, ya ɗora jadawalin a kan manhajarsa. Ta ƙi tashi. Ya sake, ta sake ƙi. Da ya duba sai ya ga dalili: layi talatin da bakwai babu komai a gurbin lambar fayil.

Wannan ba abin tashin hankali ba ne ga ɗan aji huɗu. Tun a aji biyu aka koya musu maganinsa, ana ce masa tsaftace bayanai. Layin da ba shi da lamba shara ne, a share shi a wuce. Shi kansa Dattijo ya goge dubban layuka a darussan gwaji, na ruwan sama, na kayan kanti, ko a jikinsa. Ya tattara talatin da bakwai ɗin wuri guda, ya shafa musu shuɗi, yatsansa na kan madannin gogewa. Halin nan nasa na karanta duk abin da ya gani, har takardar da aka ƙunso masa sabulu, shi ya tsayar da shi.

Layi na ɗari biyu da goma sha takwas. Tela. Shekara hamsin da ɗaya. Karɓar keken ɗinki na sata.

Ya dubi ranar shiga. Kwana uku ne kafin ranar da shi kansa ya shiga. Ya dubi ranar kotu ta ƙarshe, amma kafin idonsa ya kai wurin bakinsa ya riga ya faɗe ta.

A ɗakin da aka tsare su babu takarda babu biro. Shi kuwa mai gyaran waya Allah ya ba shi kan riƙe lambobi, don haka shi ya zama kalandar ɗakin. Kullum da safe bayan an ƙirga su, sai ya bi su yadda suke kwana, daga ƙofa zuwa bango, yana faɗa wa kowa ranar da alƙali ya ce ya dawo. Tela shi ne na gefensa na dama. Mutum ne siriri mai tari, yana da riga ɗaya fara mai kyau da ba ya sawa. Duk wanda za a kai kotu shi ake ba wa, Tela ya rage ta ko ya buɗa ta da wata allura da ya ɓoye a bakin tabarma, don a cewarsa alƙali ma mutum ne, riga yake fara gani. Dattijo da ita ya je kotu sau huɗu. Mai rigar sau ɗaya ya taɓa sa ta, daga nan aka ce fayil ɗinsa ya ɓata.

Jadawalin na bana ne. Ke nan Tela yana nan inda ya bar shi.

Ya janye hannunsa daga madannai. Kunya ce ta fi damunsa. Shekara biyar da fitowarsa, bai taɓa komawa ko bakin ƙofar ba, ya ce wa kansa ai tuni an sallami kowa. Ya bi sauran layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya gane tara, har da Tela.

Sati biyu ya yi yana sake ginin manhajar. Maimakon ta tsaya idan ta ga gurbi babu lamba, sai ta ɗauko layin ta kai shi can sama, gaba da kowa. Da ya gama ya kai wa malaminsa na kwamfuta, wanda ake kira Dakta.

Dakta ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne da ya yi imani da tsabta: teburinsa babu ko ƙura, birukansa uku a jere, kuma ya fi ƙaunar jadawali mai kyau a kan yawancin mutane. Dattijo na cikin ɗaliban da yake alfahari da su. Ya dubi allon, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Mene ne wannan a sama?"

"Waɗanda ba su da lambar fayil ne, Dakta."

"Na gani ai, ba makaho ba ne ni. Me suke yi a nan? Kai da na ba ka maki mafi yawa a darasin tsaftace bayanai?"

"Mutane ne, Dakta."

"Layuka ne," in ji Dakta. "Ka san yadda ake cika irin wannan jadawalin? Wani magatakarda ne da yunwa ke cinsa yake bugawa da yatsa biyu. Ya shigar da mutum ɗaya sau biyu. An saki wani, ya manta bai cire shi ba. Hannunsa ya zame. In babu lamba, da me za ka tabbatar min akwai mai rai a bayan layin nan? Kawo min hujja ɗaya."

Hujjar tana zaune a gabansa a kan kujerar roba.

"To ka gani. Wannan surutun tausayin na can sashen su Malama ne, a nan lissafi muke yi. Goge su, ka rubuta a shafi na uku cewa ka cire layi talatin da bakwai saboda rashin cika. Minti ɗaya ne. In ka shigo min gaban baƙon farfesa da wannan ƙazantar, ba zan sa hannu ba. Ka san kuma abin da hakan ke nufi."

Ya sani. In babu sa hannun Dakta, babu digiri sai baɗi.

Da la'asar ya tarar da Umma a tsakar gida tana guga. Ɗaki biyu ne gidan, suka dawo cikinsa bayan fitowarsa, a unguwar da ba wanda ya san su. Ya zauna a kan bokitin da aka kife ya faɗa mata komai. Ba ta ɗago ba har ya gama.

"Goge," ta ce.

"Umma..."

"Na ce ka goge. Kai ka san ofis nawa na shiga? Ka san sau nawa aka ce min in dawo gobe? Yaran da na haifi kamarsu suna min tsawa, ina cewa ranka ya daɗe. Na bar gidan da na yi shekara ashirin a ciki don kada a riƙa nuna ka da baki. Yanzu saura taki ɗaya, za ka tashi gaban jama'a ka kwance wa kanka zani? Ka kawo min takardar nan in riƙe ta a hannuna tukuna. Bayan nan in ka ga dama ka je ka kwana a ƙofar gidan yarin."

"In na goge su, manhajar za ta ce babu su. Kuma ita za a yarda da ita, ba ni ba."

"Ina ruwanka? Kai ka kama su?"

"Ni ma layi ne marar lamba, Umma, wata goma sha ɗaya. Ke kika je kika tono fayil ɗina. Tela ba shi da ke."

Ta dangwarar da dutsen gugar da ƙarfi har teburin ya girgiza. Idonta ya kawo ruwa, abin da ta tsana a duniya, don haka ta huce a kan wuyan rigar da ke gabanta. Can ta ce, "Taurin kan nan ba a wurina ka ɗauko shi ba." Wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, su biyun sun sani. Ta ƙara da cewa, "Ni dai ban ce ka yi ba. Kada ka ce na ce."

Ranar kare aiki zauren ya cika da 'yan aji, kowa ya sha ado kamar mai zuwa neman aiki. Mutum uku ne a teburin gaba: Dakta, Malama, da baƙon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, wani ɗan tsoho mai sanƙo da ke ta tsotsar alewar tari. Ɗalibai shida suka riga Dattijo, kowa ya yi rawar baki ya sauka. Da aka kira shi ya haɗa kwamfutarsa da majigi, bango ya yi haske.

Talatin da bakwai ɗin suna sama. Na farkonsu Tela, a gefensa manhajar ta rubuta kwana dubu biyu da ɗari shida da goma sha ɗaya.

Dakta ya ajiye bironsa a hankali, ya sha mur.

Farfesa ya bar shi ya yi bayaninsa har ƙarshe, sannan ya tura alewar gefen kunci. "Ɗana, aikinka ya yi kyau. Amma ka gina bene a kan rami. Waɗannan na sama ba su da lamba. Ta yaya ka san ba kuskuren mai bugawa ba ne?"

Dattijo ya dubi 'yan ajinsu. Shekara huɗu suna aron littafinsa, suna kawo masa ƙarar junansu. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka rufe ƙofar ƙarfe a bayansa.

"Na farkon nan, ranka ya daɗe, a gefena yake kwana. Shekara biyu da wata biyu."

Wani a baya ya fara dariya yana zaton wasa ne, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Wata yarinya a layin gaba ta janyo jakarta daga kan benci ta rungume. Dattijo ya gani, ya ji zafin har cikin ƙashinsa, bai sunkuyar da kai ba.

"A gidan yari kake nufi?" in ji Dakta. "Kai? To takardar shigarka jami'a..."

"Ta tambaya ko an yanke min hukunci, Dakta. Ba a yanke ba. Ko shari'ar ba a yi ba. Abin da aikin nan yake magana a kai ke nan."

Farfesa ya ɗaga hannu. Shi ba labari ya zo ji ba. "Faɗa ba hujja ba ce. Kowa na iya cewa ya san tela. Nawa ka sani a cikinsu?"

"Tara."

"Juya wa bangon baya. Malama, karanto masa sana'a da ranar shiga kawai. Shi kuma ya ba mu ranar kotu ta ƙarshe." Ya ɗan yi murmushi. "Na san za ka iya haddacewa daga jadawalin, don haka ka haɗa min da abin da babu a ciki. Wace rana ce a mako, kuma me alƙali ya ce."

Dattijo ya juya. Malama ta fara karantowa. Direban tifa. Ya ba da rana, ya ce Talata ce, alƙali bai zauna ba. Mai walda. Alhamis, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tafi hutu. Mai gadin makaranta. Litinin, an ɗage saboda babu wuta a kotu. Farfesa na duba kalandar wayarsa yana gyaɗa kai. Muryar Dattijo ta canza ba tare da ya sani ba, ta koma irin ta mai kiran suna da safe, ba hawa ba sauka. Takwas suka wuce daidai.

A na tara, wani mai sayar da taya, yana faɗin ranar Malama ta ce, "Ba haka aka rubuta a nan ba. An rubuta sha bakwai ga wata."

"Sha bakwai ga wata an fita da su, Malama, amma motar ta mutu a hanya. Suka wuni a cikinta, aka dawo da su da yamma, ɗaya ya suma don zafi. Bai ga alƙali ba. Jadawalin ne ya yi kuskure, ba ni ba."

Farfesa ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya rubuta wani abu.

Dakta ya daɗe yana kallon teburi. Da ya ɗago, muryarsa ta sauko, kuma tsakaninsa da Allah sulhu yake nema. "Shi ke nan. Na karɓi taran nan, ka kawo shaida. Ka bar su, ka rubuta yadda ka san su. Amma ashirin da takwas ɗin da suka rage ba ka san su ba, ba wanda ya san su. Ƙa'ida ƙa'ida ce. Goge su yanzu a gabanmu, in sa hannu, ka tafi da makinka mai kyau."

Malama ta yi masa alama da ido, alamar ya karɓa. Duk zauren ma haka suke roƙonsa a zuci. Gaskiya tayin ba laifi, mai hankali zai karɓa.

"Dakta, taran nan suna da ni. Ashirin da takwas ɗin bayan fitowata suka shiga. Don ba wanda ya san su shi ya sa ba zan goge su ba."

"Wannan ba kimiyya ba ce, taurin kai ne."

"Na yarda, Dakta."

Aka ba shi sati biyu ya gyara ya kawo, in ba haka ba sai baɗi. Malama ta sa hannu a nata gurbin. Farfesa ya sa a nasa, ya nemi a buga masa layuka talatin da bakwai ɗin a takarda, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, bai ce ga abin da zai yi da ita ba. Gurbin Dakta ya zauna fari.

Sati biyun nan Dattijo ya ga halin mutane. Wasu suka daina zama kusa da shi. Wasu kuma suka dame shi da kirki har ya fi son na farkon. Umma ba ta yi masa magana ba kwana uku, sai dai ya tarar da abincinsa a rufe.

Ranar da wa'adin ya cika, ƙarfe goma na safe, ya ƙwanƙwasa ofishin Dakta ya ajiye kundin a kan teburin nan mai sheƙi. Dakta ya buɗe shafi na uku, ya buɗe na ƙarshe, ya dawo na farko. Ya cire tabarau.

"Me ka canza a nan?"

"Ni ban canza komai ba, Dakta. Manhajar ce ta canza lamba ɗaya a kowane layi."

Dakta ya mayar da tabarau ya duba. A gefen layin Tela yanzu an rubuta kwana dubu biyu da ɗari shida da ashirin da biyar. Ya daɗe a kan lambar, ya fi yadda ake buƙata don karanta lamba huɗu. Hannunsa ya je kusa da birukan, ya tsaya, ya dawo.

"Ba zan iya ba," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "In na sa hannu a wannan, na ƙaryata abin da na koyar shekara goma sha tara. Ka fahimta? Shekara guda za ka rasa. Abokanka za su fita su bar ka."

"Na fahimta."

"Kuma baɗin ma in ka kawo shi haka..."

"Haka zan kawo shi, Dakta. Sai dai in an nemo musu fayil ɗinsu, su sauka daga saman da kansu." Ya miƙe, ya mayar da kujerar robar inda ya same ta. "Shekara ɗaya ce, kuma a waje zan yi ta. Jira dai na iya shi."